Waɗanne makaɗa da mawaƙa ne kuke ganin ba a ba su haƙƙinsu ba?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, tare da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, da aka zo fitar da kayan ɗakinsa sai aka tarar da wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado cike da kaset-kaset, kuma da yake babu wanda ya ga amfaninta a cikin 'yan'uwana, sai kowa ya yafe mini rabonsa. Na ƙirga na sami guda saba'in da 'yan kai. Mafi yawansu ba na kanti ba ne, Baba ne ya riƙa ɗauka da kansa daga rediyo, domin a wasu ana jin muryar mai gabatar da shiri ta kutso kafin ya yi hanzarin danna maɓalli, sannan ya rubuta sunan makaɗin da jan biro a jikin takardar, wani da boko, wani da ajami.

Na nemo wata tsohuwar rikoda a wurin mai gyaran rediyo, na shafe kusan wata biyu ina bin su ɗaya bayan ɗaya da daddare. Na yi zaton Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya ne za su cinye adakar. Suna ciki kam, amma ba su kai sulusi ba. Sauran duk sunaye ne da na taɓa ji sama-sama ko kuma ban taɓa ji ba sam, irin su Haruna Uji da Ibrahim Na Habu da Aliyu Ɗandawo da Uwaliya Mai Amada. Akwai wani kaset da ba a rubuta komai a kansa ba sai "goge, Maraɗi", zarensa ya taɓa tsinkewa an liƙe shi da jan farce, kuma shi ne ya fi kama mini zuciya a cikinsu duka.

Da na je wurin yaron da ke tura mana waƙoƙi a waya na tambaye shi ko yana da Ibrahim Na Habu, sai ya tambaye ni ko sabon mawaƙin fim ne. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma wata uku da suka wuce amsar da zan bayar ke nan. Tambayata ita ce, su wa kuke ganin sun cancanci a saurare su fiye da yadda ake yi, a kowane irin kiɗa ne kuma a kowace ƙasa, kuma mene ne ke sa wani ya shahara wani kuma ya nutse alhali gwanintarsu ba ta da nisa da juna?

Dattijon Gusau ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya bar maka abin da ya fi ƙarfin kuɗin da za a saye shi. Zan fara da rabin tambayarka na biyu, domin a ganina daga nan amsar rabin farko take fitowa. Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa da malamin asibiti da mai sayar da goro, saboda haka duk garin da ya sauka yana da mutanensa, kuma ko bayan ransa akwai jikokin da ke neman waƙar kakansu. Makaɗin fada kuwa yakan ƙare rayuwarsa a gindin ubangida ɗaya ko biyu. Ranar da sarkin ya ƙaura, waƙar ta rasa wurin da za a yi ta, sai dai a rediyo idan an yi sa'a an ɗauka.

Wannan ne ya sami Aliyu Ɗandawo da ka gani a adakarka, makaɗin taushi da ya yi zamani a fadar Argungu da ta Yawuri, haka kuma Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Sa'idu Faru da ya yi wa Muhammadu Macciɗo kiɗa tun yana Sarkin Kudu. Ko Narambaɗa na Isa, wanda kowa ke ambaton sunansa idan ana maganar azanci, ka gwada tambayar masu ambaton nasa su kawo maka waƙoƙinsa uku, za ka ga an fara sosa ƙeya. Akwai kuma matsalar kunne. Hausarsu Sakkwatanci ce mai kauri, cike da sunayen dawakai da kayan yaƙi da zuriyar sarakuna, ga shi ɗaukar ta tsufa tana shuuu kamar ana ruwa a kan kwano, don haka yaron da ya saba da sautin situdiyo ba ya jure minti biyu. Wanda ya daure ya saurara sau uku da wani dattijo a gefensa yana warware masa zambo da habaici, ba ya komawa yadda yake.

Sai dai waɗanda na fi jin an zalunta ba ma waɗannan ba ne, 'yan amshi ne da masu riƙe da kayan kiɗan. A kiɗan kotso jagora yakan ɗauko ɗa, wato baitin waƙa, ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa har su yi ƙari, kuma sau da yawa daɗin da kake ji a bakinsu yake. Shi kansa kotson baki ɗaya gare shi, ana liƙa wani abu mai danƙo da ake kira nake a tsakiyar fatar, da yatsu ake kaɗa shi, kuma mutum yakan shekara goma kafin hannunsa ya faɗa. Musa Ɗanƙwairo da kansa ya daɗe yana bayan yayansa Abdu Kurna a matsayin Daudun Kiɗi, wato mataimakin jagora, kafin ya ja tasa ƙungiyar, yau ga shi ƙanen ya rufe yayan ruf. Da Musa ya rasu yana ɗan amshi, da babu wanda zai san an yi shi, kuma irinsa nawa ne suka rasu a haka?

Game da Ibrahim Na Habu, shi ne ya fito da kukuma fili, ƙanwar goge ke nan, mai tsirkiyar izgar doki da ake goga wa ƙaro kafin a fara. Bayansa ka nemi Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka da Ali Makaho. Kiɗan samari da 'yan mata ne na zamaninmu, shi ya sa manya suka raina shi a lokacin, su kuma samarin da suka girma suka yi rawani sai suka riƙa jin kunyar a ce sun taɓa taka rawarsa. Ni ban cire kaina a ciki ba.

'Yar Funtuwa ta amsa:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninka ƙwarai, amma ka yi mini afuwa in ce ka lissafo mutum fiye da goma babu mace ko ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin ciwon da nake son in taɓa. Makaɗin fada ko ba komai yana da ƙofar fada da jama'a ke taruwa. Mai amada kuwa a cikin gida take sana'arta, a tsakar gidan biki ko suna inda namiji baligi ba ya shiga, alhali masu ɗauke da na'urar ɗaukar murya a wancan zamani kusan dukkansu maza ne. Abin da ba a ɗauka ba kuwa ya tafi tare da masu shi.

Na tashi ina ganin yadda ake yi. Akan cika baho da ruwa a kifa ƙwarya a kai, a jera wasu ƙoren a ƙasa manya da ƙanana, mata huɗu ko biyar su zauna da 'yan sanduna, ta cikin ruwan tana ba da murya mai zurfi kamar ganga, sauran suna yi mata rakiya. Idan ƙwaryar ruwan ta fara nutsewa sautin ya canza, sai mai kaɗa ta ta ɗaga gefenta iska ta shiga ba tare da kiɗan ya tsaya ba. Wannan ilimi ne, amma ban taɓa jin an kira mai yinsa gwana ba.

Barmani Choge, 'yar garinmu da ta rasu a 2013, ita ce ta fasa wannan katanga har ta hau dandamali a manyan birane, sai dai ita ma rabin haƙƙinta aka ba ta. Idan aka ambace ta, maza sukan yi murmushi su tuna waƙoƙin rawa da na kishiya, su manta cewa ta shafe shekaru tana yi wa matan kulle huɗubar su kama sana'a kada su zauna jiran hannun miji, tun kafin ƙungiyoyi su fara shirya taro a otal a kan wannan magana. Uwaliya Mai Amada ta Kano da ƙanena ya samu a adaka ta riga ta fitowa, kuma ina roƙonsa ya riƙe wannan kaset da kyau domin irinsa ba shi da yawa.

Wadda nake so in ƙara ita ce A'isha Falatiya ta Sudan. An haife ta a Kasala, iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar aikin hajji ta ajiye a can, mahaifinta malami ne, kuma ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, lokacin da ake ganin hakan abin kunya ne ga 'ya mace. Ta yi waƙa da Larabcin Sudan, ta kuma yi da Hausa, ta rasu a 1974. Mutanen Sudan suna ƙirga ta cikin iyayen waƙarsu ta zamani, mu kuwa da jininmu ne a jikinta, da wuya ka sami mutum ɗaya a cikin taro da ya san sunanta.

Bamaraɗe ya amsa:

Gaisuwa ga kowa daga wannan ɓangare na iyaka. Ɗan'uwa Ɗan Fagge, wannan kaset na goge ka ɗauko mana ko minti ɗaya ne da waya ka sa a nan, zan kai wa tsofaffin unguwarmu, domin a Maraɗi mai goge ba ya ɓuya, daga jan izgarsa da kirarin da ya fara da shi za a gane gidan da ya fito.

Mu a Nijar abin da ke damuna ya ɗan bambanta. Duniya ta san jitar Abzinawa, ta san Bombino da Mdou Moctar, kuma sun cancanta, amma sai aka wayi gari kamar babu wani kiɗa a ƙasar sai nasu. Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na Mamman Sani. Duk wanda ya girma yana sauraron rediyo da talabijin na ƙasa ya san sautin fiyanonsa, domin shi ake sakawa a tsakanin shirye-shirye, wani sanyin kiɗa marar waƙa da ke ɗauko karin gargajiya ya zuba shi a na'urar lantarki. Mun sha shi shekara da shekaru kamar ruwan randa ba mu taɓa tambayar wanda ya ɗebo ba. A 1978 ya ɗauki kundinsa na farko a gidan rediyon ƙasa, kaset kaɗan aka buga, abin ya kwanta. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai ya sake fitar da shi a 2013, sannan aka fara gayyatar dattijon zuwa Turai, mu kuma muka fara cewa ai namu ne.

Haka Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018. Malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasar, daga baya ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Buduma masunta ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da ke da siffar kwalekwale, a hannun Bukar Tar, tsohon da ake ganin shi ne gwani na ƙarshe da ya rage. Ba don wannan tafiya ba, da yanzu biram sai a gidan tarihi. Ga kuma Sa'adu Bori na nan garinmu, wanda ya ɗauko karin bori ya haɗa da jita da gangunan zamani, suka fitar da faifai tare da Musa Fusi a 1994. Na san mutanen Kano da Katsina sun taka rawarsa a bukukuwa, amma yau ba a cika sa shi cikin lissafin manya ba. Cikin masu rai kuwa ina ba da shawarar Tal National ta Yamai, ƙungiyar da ke haɗa kiɗan Hausa da na Zabarmawa da Fulani da Abzinawa a dare ɗaya, wadda jagoranta Almeida ya yi aikin shari'a da rana yana kaɗa jita da dare, da kuma Mamar Kassey ta Yakubu Mumuni mai sarewa.

Ban ƙi Bature ya zo ya tono ba, ya kyauta. Abin da na ƙi shi ne sai ya buga hatiminsa sannan kunnenmu yake buɗewa.

Malamin Tudun Wada ya amsa:

Ina tare da ɗan'uwana Bamaraɗe a yawancin maganarsa, sai dai ina ganin bai kamata mu mayar da abin kamar halin Bahaushe ne shi kaɗai ba. Hailu Mergia na Habasha, wanda ya yi tashe da ƙungiyar Walias a Adis Ababa, ya shafe shekaru yana tuƙin tasi a birnin Washington da fiyanonsa a bayan mota yana motsa hannu idan babu fasinja, har sai da aka sake fitar da wani tsohon kaset ɗinsa a 2013. A wannan shekara ta 2013 dai wani kamfanin Amurka ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, wanda ya yi faifai takwas tsakanin 1977 da 1985 da na'urorin da ba kowa ke da su ba a Afirka a lokacin. Labarin nasa yana da wani darasi na dabam, domin shi da kansa ya juya wa kiɗan baya bayan ya rungumi addini sosai, ya ƙi hawa dandamali har ya rasu a 2017. A wurinmu ma akwai makaɗan da suka ajiye kayan kiɗa suka ce sun tuba, kuma wasu iyalan ba sa son a tayar da zancen. Idan muna neman a ba mutum haƙƙinsa, ya kamata mu tambaya ko shi yana son irin haƙƙin da muke nufi.

Wani rukunin da ba a ambata ba shi ne na makaɗan zamani na Arewa kafin zuwan waƙoƙin fim. Matasa da yawa sun ɗauka cewa daga kalangu sai fiyanon situdiyo, babu komai a tsakani, alhali Bala Miller, Bazazzagin da ya rasu a 2003, ya jagoranci babbar ƙungiya a Kaduna mai jita da ƙahonnin Turawa yana waƙa da Hausa tsantsa, a Jos kuma an yi Sahara All Stars a shekarun 1970. Waɗannan sun faɗa tsakanin kujera biyu: masu nazarin gargajiya suna ganin ba nasu ba ne, masu rubuta tarihin kiɗan Najeriya kuma idonsu yana Legas.

Sannan ina da ƙorafi a kan yadda muke ɗora tsofaffin waƙoƙi a YouTube da Facebook. Na sha ganin waƙar wani an manna mata hoton wani, ko an rubuta sunan Shata a kan abin da ba nasa ba don a sami masu kallo, ta haka ƙaramin makaɗi yake rasa ko ɗan abin da ya rage masa. Haruna Uji na Haɗeja, mai gurmi, ya tsira daga wannan saboda muryarsa ba ta kama da ta kowa, amma masu kukuma ana cakuɗa su kullum. Kuma duk kallon da ake yi, ban ji wanda ya ce ya nemi magadan ya miƙa musu ko sisi ba. Ɗan Fagge, idan za ka juya kaset ɗin nan zuwa kwamfuta, ka ɗauki hoton rubutun mahaifinka na kowane ɗaya ka haɗa da sautin, kada ka yanke muryar mai gabatarwa, domin sau da yawa a bakinsa ake jin sunan makaɗi da garinsu da wanda aka yi wa waƙar.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Dattijo, na koma kan kaset ɗin Ɗandawo jiya da daddare na sa kunne a kan 'yan amshi kawai kamar yadda ka nuna, sai na ji ashe akwai wani mai siririyar murya a cikinsu da ke riga sauran shiga da kamar rabin numfashi, kuma shi ne ke ɗaga waƙar duk lokacin da ta fara kwantawa. Yaya 'Yar Funtuwa, na Uwaliya guda biyu ne ashe, ɗayan yana ɓoye a cikin kwalin wani wa'azi, na ware su na sa a leda.

Malam, shawararka ta zo a kan gaɓa, domin har na fara yanke muryoyin masu gabatarwa a guda huɗu da na juya, ina ganin ƙazanta ce. Zan sake su daga farko. Matsalar da nake fuskanta yanzu ita ce wasu zarurrukan sun manne saboda zafi da daɗewa, rikodar tana tauna su, har na yi asarar kusan minti uku a wani na Garba Supa. Na koma juya su da biro a hankali daga farko zuwa ƙarshe kafin in saka, kuma hakan ya taimaka a wasu, amma akwai guda tara da na ji tsoron taɓawa. Idan akwai wanda ya san mai wannan aiki a Kano ko Kaduna, wanda zai buɗe kaset ya sauya masa gida ba tare da ya ɓata zaren ba, ina neman a haɗa ni da shi. Ɗan'uwa Bamaraɗe, na ɗauki minti biyu na gogen daga inda aka liƙe da jan farce zuwa inda mai kiɗan ya fara kiran sunaye, zan sa shi a nan bayan sallar isha'i in Allah ya yarda.